Gorar Sa'a a Teburin Ofis: Abin da Ke Sa Ta Funfuna da Yadda Ake Ceto Ta

Ranar da aka koma aiki bayan hutun Sallah ko na Kirsimeti ita ce ranar da asirin kwalbar yake tonuwa. An rufe ofis kwana huɗu ko biyar, an kashe na'urar sanyaya ɗaki, tagogi a garƙame, zafi ya dafa ɗakin son ransa. Hadimin da ya riga maigidansa isowa yana buɗe ƙofa sai wani wari mai kama da na kwata ya tare shi. A kan teburin Darakta, cikin doguwar kwalbar gilashi, ruwan da aka bari garau ya gurɓace, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe gindin karan, ɗaya daga cikin kara ukun kuma ya soma yin rawaya daga ƙasa. Shukar nan kyauta ce, wataƙila daga wata tawagar baƙi da ta kawo ziyara, ko daga abokan aiki ranar da aka yi wa maigida ƙarin girma. Ba abin da za a jefa a kwandon shara a yi shiru ba ne, domin sai an tambaya.

Wannan abu yana faruwa a ofisoshi da yawa, daga Sakatariyar Tarayya zuwa hedikwatocin hukumomi da ke Maitama da Garki da Wuse, haka nan a falukan gidajen ma'aikata. Masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja suna kiran shukar da sunanta na Turanci, lucky bamboo, wato gorar sa'a, kuma suna tallata ta da cewa ba ta buƙatar komai sai ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabin gaskiyar ce, kuma ɗaya rabin shi ne yake kashe ta.

Da farko dai ba gora ba ce. Gaɓoɓin jikinta ne kawai suka yi kama da na gora. Masana tsirrai suna kiranta Dracaena sanderiana, sunan da aka raɗa mata don girmama Frederick Sander, wani shahararren mai renon furanni haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, wanda ya rasu a 1920. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne asalinta ba Sin ba ne. 'Yar Afirka ce, daga dazuzzukan yankin tsakiyar nahiyar, ciki har da maƙwabciyarmu Kamaru, inda take tsirowa a ƙasa, a inuwar manyan itatuwa. Manoman Sin da Taiwan ne suka mayar da ita haja: suna yanka karan gunduwa-gunduwa, su toshe saman da kakin kyandir, su kwantar da wasu suna juya su sannu a hankali wata da watanni domin su bi haske su murɗe, sannan su ɗaure su da jan ƙyalle ko zare mai ruwan zinare su aika kasuwannin duniya. A al'adar Sinawa yawan karan yana da ma'ana. Uku alama ce ta farin ciki da arziki da tsawon rai, huɗu kuwa ana gudunsa, saboda a harshensu furucin kalmar huɗu ya yi kusa da na kalmar mutuwa. Mafi yawan masu ajiye ta a nan ba ruwansu da wannan camfi, ado suke so da ɗan kore a ɗakin da babu komai sai fayil da kwamfuta.

Sanin asalin nata yana da amfani, domin shi ne yake bayyana ciwon. Shukar da aka halitta don ƙasa mai danshi da iska tana jure zaman ruwa ne kawai, ba son sa take yi ba. Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai. Ruwan da ya daɗe a tsaye iskar da ke cikinsa tana ƙarewa, kuma ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin rasa ta. Da zarar saiwar ta shaƙe sai sassanta su fara mutuwa, mataccen nama kuma shi ne abincin funfuna da ƙwayoyin bakteriya. Ke nan a mafi yawan lokuta funfuna ba ita ce farkon matsalar ba. Ta tarar da ɓaraka ne ta shiga.

Ba duk fari ne funfuna ba

Kafin a nemi magani ya kamata a san abin da ake gani, domin abubuwa da dama suna bayyana a kwalbar, kuma ba duka ne suke da haɗari ba.

Koren abin da yake manne wa bangon gilashi da tsakuwa gansakuka ce. Hasken rana da ragowar taki ne suke raya ta, shi ya sa ta fi yawa a kwalba mai garai-garai da aka ajiye kusa da taga. Ba ta cin shukar kai-tsaye, sai dai ta yi takara da ita wajen abinci, idan ta mutu kuma ta ruɓe ta ɓata ruwan. Farin ɓawon da yake bushewa a bakin ruwa, wanda idan aka kankare shi da farce yake zuba kamar alli, shi kuma gishirin ma'adinai ne da ruwan rijiyar burtsatse ya bari bayan ya ƙafe. Akwai kuma wani fari da yake ruɗin mutane ƙwarai: ɗan dunƙule kamar auduga a matse-matsin ganye, can sama nesa da ruwa. Wannan ƙwaro ne mai tsotsar ruwan jikin shuka, yana ɓuya cikin farin kakin da yake fitarwa. Idan aka murje shi za a ga jiƙa a yatsa. Auduga da aka tsoma a sifirit ta ishe shi, a goge shi ɗaya bayan ɗaya, a sake dubawa bayan mako guda.

Funfuna ta ainihi tana zama ne a daidai inda kara ya haɗu da saman ruwa, ko a kan mataccen ganye da ya faɗa ciki, ko a ƙarƙashin ƙyallen da aka ɗaure karan da shi, wurin da danshi ba ya bushewa. Tana da zare-zare masu laushi, fari ko toka-toka. Idan karan da ke ƙarƙashinta yana nan kore kuma da tauri, to a sama kawai take, wanki zai raba su. Yauƙin da yake sa saiwa santsi tare da wari kuwa aikin bakteriya ne, kuma galibi tare suke tafiya da funfunar. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya ga saiwar ta yi ja ko ruwan lemo sai ya ɗauka ruɓewa ce ya datse. Wannan launi shi ne na lafiyayyar saiwar gorar sa'a da ta manyanta. Wadda ta mutu baƙa ce ko toka-toka, tana narkewa a hannu.

Nau'i biyu ne suka fi muni, domin su cikin karan suke shiga. Ɗaya shi ne wanda masana suke kira Aspergillus niger, kuma duk wanda ya taɓa ɓare albasar da ta daɗe a ajiye ya ga baƙin gari kamar kunkunniya a ƙarƙashin ɓawonta ya san shi. A jikin gorar sa'a yana ruɓar da gindin kara ya bar wannan baƙin garin a kai. Ɗayan kuma shi ne Colletotrichum dracaenophilum, wanda masana suka bayyana shi a matsayin sabon nau'i a 2006, daga karan wannan shukar da aka yi safararsu daga Sin. Sharrinsa shi ne yana iya kwanciya a cikin kara ba tare da wata alama ba tun daga gonar da aka yanko shi. Shukar za ta iso kasuwa kore shar, a saye ta, ta yi makonni a kan tebur, sai ranar da zafi ko ƙishirwa ko gurɓataccen ruwa ya raunana ta ciwon ya fito. Kara ya yi rawaya, tabo mai ruwan ƙasa ya bazu, sannan ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe su feso a jikinsa kamar an yayyafa masa barkonon masoro. A cikin waɗannan ɗigon ne irin cutar yake, kuma ruwan kwalbar ne yake kai shi ga sauran karan.

Wannan yana da daraja ga hadimin da ake shirin ɗora wa laifi. Ba kowace mutuwar gorar sa'a ce sakaci ba. Wani karan da ciwonsa ya shigo ƙasar.

Abin da za a yi ranar da aka gani

Aikin ba ya wuce rabin sa'a, amma ba a kan tebur ake yin sa ba. A ɗauki kwalbar a kai ta wurin wanke hannu ko waje, musamman idan akwai baƙin gari, domin ƙurarsa tana tashi a iska, kuma mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni bai kamata ya shaƙe ta ba. Irin wannan mutum ma gara ya bar wa wani aikin. Kada a hura garin da baki, kada a karkaɗe shi.

A kwance ƙyallen ko zaren da ya ɗaure karan, a raba su, a duba kowanne shi kaɗai ta hanyar matsa shi da yatsu daga gindi zuwa sama. Wanda yake kore da tauri zai rayu. Wanda ya yi rawaya, ya yi laushi ko ya yamushe, ya tafi ke nan. Karan gorar sa'a da ya yi rawaya ba ya komawa kore, ko da me aka zuba masa, kuma barin sa cikin 'yan'uwansa don tausayi ko don kada adadi ya ragu shi ne hanyar da ta fi saurin hallaka sauran. A naɗe shi a leda a jefar. Ba a saka shi a tukunyar wata shukar da sunan taki.

Masu lafiyar a wanke su a ƙarƙashin ruwa mai gudu, a murje yauƙi da funfunar da yatsa ko tsumma mai laushi. A datse duk saiwar da ta yi baƙi da sabuwar reza ko almakashin da aka goge da sifirit, kuma a sake goge shi tsakanin kara da kara. Wasu suna ƙarawa da ɗauraye saiwar cikin ruwan haidirojin, wanda ake sayarwa a kemis don wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, bayan an sirka ma'auni 1 da ma'auni 4 na ruwa, na 'yan mintuna kaɗan, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Yana taimakawa wajen abin da yake a saman fata. Ba ya kai wa ga cutar da ta riga ta shiga cikin kara, kuma babu wani maganin gida da yake kai wa. Fesa wa shukar maganin sauro ko turaren ɗaki, kamar yadda wasu suke yi don kashe warin, ƙona ganyen kawai yake yi.

Kwalbar da tsakuwar su ne inda aka fi yin ha'inci. Zubar da tsohon ruwa a zuba sabo ba wanki ba ne. A wanke kwalbar da sabulu da soso har bango da gindi, a jiƙa ta minti 10 cikin ruwan bilic da aka sirka ma'auni 1 da ma'auni 9 na ruwa, a ɗauraye ta sosai har warin ya fita. Tsakuwar a tafasa ta minti 10 a bar ta ta huce, ko a canza ta gaba ɗaya. Idan an ga baƙaƙen ɗigon nan a jikin wani kara, to sauran da suka zauna ruwa ɗaya da shi a raba musu kwalabe na mako uku ko huɗu, kowa da tasa, har a ga wanda zai nuna alama. Ko gorar ruwan sha da aka yanke ta isa wannan zaman jiran.

Idan gindin ya ruɓe amma reshen da ya fito daga gefe yana nan kore da ganyensa, akwai sauran dama. A yanke reshen daga inda ya tsiro, nesa da wurin da ya lalace, a duba bakin yankan: idan fari ne ko kore-kore mai tsabta, a cire ganyen ƙasa a tsoma shi cikin ruwa mai kyau. Cikin 'yan makonni zai fitar da saiwa. Idan kuma akwai baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiyar yankan, cutar ta riga ta hau. Haka nan idan saman kara ne ya fara lalacewa, ana iya yanke shi ɗan sama da wata gaɓa mai lafiya, a bar wurin ya sha iska, a ɗiga masa narkakken kyandir ya toshe. Karan da aka datse ba ya ƙara tsawo, amma sabon toho yana fitowa daga gaɓar da ke ƙasa da yankan.

Ruwan Abuja da ɗabi'un ofis

Ruwan famfon da yake zuwa daga madatsar Usuma ana sa masa sinadarin kilorin don kashe ƙwayoyin cuta. Hakan alheri ne ga mai sha, amma dangin wannan shuka ba sa son sa, kuma sun fi ƙin sinadarin fuloraid, wanda ake samu a ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. Alamar su biyun ita ce bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa alhali karan lafiyarsa ƙalau, abin da mutane suke ɗauka funfuna ce. Kilorin yana da sauƙi: a tari ruwa a buɗaɗɗen mazubi a bar shi ya kwana, mafi yawansa zai fita. Fuloraid kuwa ba ya fita da kwana, ba ya fita da tafasawa. Wanda yake da halin tarar ruwan sama a damina ya samu mafi kyau, kuma kyauta. Ruwan da yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishirin ma'adinai, sai dai yana biyowa ta cikin ƙura da funfunar da ta taru a na'urar, don haka ba shi ne abin ba shukar da take jinya ba.

Yawan ruwan ma abin lura ne. Saiwa kawai ake so ta nutse, wato kamar santimita 3 zuwa 5. Cika doguwar kwalba har wuya yana jiƙa karan da ba a yi shi don zaman ruwa ba, kuma a nan ruɓewa take farawa. A canza ruwan duk mako. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja yake kai maƙura kuma wuta take yawan ɗaukewa, sau biyu a mako bai yi yawa ba. Taki kuwa ɗigo ɗaya na ruwan taki a wata biyu ya isa, kuma ba a ba shukar da ba ta da lafiya.

Amma babbar matsalar gorar sa'a a ofis ba ta sinadari ba ce, ta rabon aiki ce. Kowa yana ƙara mata ruwa, babu mai canzawa. Mai shara ya ga ruwa ya ragu ya ƙara, masinja ya ƙara, sakatariya ta juye ragowar ruwan robarta, wani baƙo ma ya tuttule guntun shayinsa mai sukari da madara don bai ga inda zai zubar ba. Sukarin nan biki ne ga funfuna. Wata uku ana ƙari a kan tsohon ruwa, kowa kuma yana ganin ana kula da ita. Gyaran shi ne a damƙa ta ga mutum ɗaya da rana ɗaya, a ce kowace Alhamis ko safiyar Juma'a, sauran kuma su cire hannu. Wurin zamanta ya kasance mai haske amma ba inda rana take dukan gilashi ba, kuma ba daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki ba. Kwalba mai duhu ko ta tangaran ta fi mai garai-garai hana gansakuka, ko da yake tana ɓoye halin da ruwan yake ciki, sai an riƙa leƙawa. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai dalilin da ya fi lafiyar shukar nauyi. A 2001 jami'an lafiya a jihar Kalifoniya ta Amurka sun gano sauron nan mai zanen fari da baƙi, Aedes albopictus, a cikin kwantenonin gorar sa'a da aka yi jigilarsu daga Sin a tsaye cikin ruwa, har hukumomin ƙasar suka hana shigo da ita a cikin ruwa. A 2005 an sake ganin sauron a gidajen renon furanni na ƙasar Holan, ta wannan hanyar dai. Nijeriya ba ta jira gorar sa'a ta kawo mata shi ba, domin tun 1991 aka same shi a jihar Delta, ga kuma ɗan'uwansa Aedes aegypti da yake nan tun fil azal. Su ne masu yaɗa cutar shawara da zazzaɓin denge, da rana suke cizo, kuma ba kududdufi suke nema ba kamar sauron maleriya. Ɗan ruwan da ya kwanta a mazubi cikin ɗaki shi ne abin sonsu. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Macen tana manna ƙwanta a bangon mazubi ɗan sama da ruwa, kuma ƙwan yana jure bushewa na watanni, ya ƙyanƙyashe ranar da aka ƙara ruwa ya taɓa shi. Shi ya sa ƙari ba ya maganin komai, sai an zubar an goge bangon. Ma'aikacin da sauro yake cizo a idon sawu da tsakar rana a hawa na biyar yana da dalilin leƙa kwalbar da ke kan teburin maƙwabcinsa.

Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ta mako-mako ba yana da mafita mai sauƙi: ya mayar da shukar inda ta fito. A tukunya mai huda a gindi, da ƙasa mai sakin ruwa, gorar sa'a ta fi ƙarfi, ta fi daɗewa, kuma babu ruwan da sauro zai samu muddin ana zubar da wanda ya taru a farantin ƙasa. A makonnin farko a riƙa barin ƙasar da danshi har saiwar ta saba, daga nan sai a riƙa ba ta ruwa idan saman ƙasar ya bushe. Mai niyyar kai ta gida lokacin dogon hutu ko hutun shekara ya tuna cewa ganyenta yana da guba ga kyanwa da kare, yana sa su amai da dalalar miyau, don haka a ɗora ta inda ba za su kai ba.

Saura batun kara ukun Darakta da suka koma biyu. Masu furanni suna sayar da kara ɗai-ɗai, kuma ba shi da wuya a samu mai tsawo daidai da sauran. A zaɓi wanda yake kore tun daga gindi har sama, mai tauri, marar tabo, a shinshina ruwan da aka ciro shi. Sai dai kada a haɗa shi da tsofaffin ranar da aka saye shi. Ya yi wata guda a kwalbarsa shi kaɗai a wani lungun ofishin, in bai nuna komai ba sannan a ɗaure su tare, kuma ɗaurin ya zama sako-sako, sama da bakin ruwa.